Kafin a dogara da hancin ƙwaro wajen ceton dazuzzuka

Ƙwaron da bai fi ƙwayar shinkafa girma ba ya yi wa dazuzzukan fain sama da hekta miliyan 18 ɓarna a lardin British Columbia na ƙasar Kanada, tun daga ƙarshen shekarun 1990. A Turai kuma, bayan farin 2018, wani ɗan'uwansa ya kashe bishiyoyin sifurus masu ɗimbin yawa a Jamus da Jamhuriyar Cak, har farashin katako ya faɗi.

Ƙwaro ɗaya ba ya iya kashe lafiyayyar bishiya, domin ƙaron da take fitarwa yakan nutsar da shi. Taron dangi suke yi mata, kuma da ƙanshi suke kiran juna. A nau'in Kanada, mace ce ke fara huda ɓawo, sannan ta saki wani sinadari da ke janyo dubbai. Idan bishiyar ta cika, sai wani sinadarin mai suna verbenone ya bazu, wanda ke shaida wa masu zuwa cewa babu sauran wuri.

A nan binciken ƙwayoyin halitta ya shigo. Ƙwaro ba shi da hanci irin namu. Da zaruruwa biyu da ke kansa yake sansanawa, kuma kowace kafar karɓar ƙanshi da ke jikinsu akwai ƙwayar halittar da ke ƙera ta. A 2013 masana a Kanada suka fitar da taswirar ƙwayoyin halittar ƙwaron fain. A 2021 masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin suka gano kafofi biyu a jikin ƙwaron sifurus da ke karɓar sinadaran ipsenol da ipsdienol. Fatan shi ne a samar da abin da zai toshe irin waɗannan kafofi, ƙwaron ya kasa jin kiran 'yan'uwansa, ba tare da an taɓa ƙudan zuma ba. Wannan ya fi feshin guba nesa ba kusa ba, musamman da yake feshin ba ya isa ga ƙwaron da ya riga ya shige ƙarƙashin ɓawo.

Binciken ya cancanci a zuba masa kuɗi. Sai dai bai kamata hukumomin gandun daji su ɗauke shi a matsayin maganin da ya riga ya iso ba. An daɗe ana rataya ƙunshin verbenone a jikin bishiyoyi a Arewacin Amurka. Yana kare 'yan bishiyoyi masu daraja, amma idan annobar ta yi ƙamari sai ƙarfinsa ya ragu. Tarkunan ƙanshi ma sun fi amfani wajen sanin lokacin da ƙwarin suka taso, ba wajen ƙarar da su ba. Manoman masara a Najeriya sun ga irin haka da tsutsar da ta ɓulla a 2016.

Tushen matsalar yana wani wurin. Sanyin hunturu da ke kashe ƙwarin ya ragu, fari yana raunana bishiyoyi, sannan an shafe shekaru ana dasa iri ɗaya tal a fili mai faɗi saboda ribar katako. Abin lura, binciken ƙanshin da kansa ya nuna cewa ƙwaron sifurus yana jin warin bishiyoyi masu faɗin ganye kuma yana kauce musu. Ke nan dajin da aka cakuɗa iri-iri yana rikita shi tun kafin a ƙera wani sabon sinadari.

Saboda haka kasafin da za a ware wa ɗakunan gwaji kada ya fito daga na ma'aikatan da ke zagaya daji suna sare bishiyar da ta kamu, suna fitar da ita kafin sababbin ƙwari su fito daga cikinta.