Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani

Mai girma Gwamna,

Tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, kasuwar kara ta Birnin Gwari ta sake ci, manoma sun koma gonakinsu na gefen dajin Kamuku. Mun gode. Saura makaranta.

Ba mu manta da Maris 2021 ba, lokacin da aka sace malamai daga firamaren Rama. Tsoro da gudun hijira sun raba yara da aji shekara da shekaru. Yau wani ɗan aji biyar ba ya iya haɗa baƙi da wasali.

Ranka ya daɗe, roƙonmu uku ne. A gwada kowane yaro, a zaunar da shi inda iyawarsa ta tsaya, ba inda shekarunsa suka kai ba. A fara koyar da karatu da Hausa. A ba kowane yaro littafin da zai tafi da shi gida.

Mu iyaye za mu riƙe namu: mu saurari karatunsa bayan Magariba, mu sa shi lissafin mudu da canjin cefane.

A taimaki yaran nan tun icce yana ɗanye.

Naka,
Wani uba daga Birnin Gwari