Dokar kayan gado: a ɗakin kwamiti ake gyara ta ko a ɓata ta

Ran 30 ga watan Yuni na shekarar 1997 ƙasar Nijar ta samu doka mai lamba 97-022, wadda ta shafi kariya da adanawa da ɗaukaka kayan gado na al'adun ƙasa. Ran 10 ga watan Nuwamba na wannan shekara gwamnati ta fitar da dokar zartaswa mai lamba 97-407, wadda ta bayyana yadda za a yi aiki da ita. Jama'a da yawa suna zaton ana yin doka ne ranar da ƴan majalisa suka taru cikin babban zaure suka ɗaga hannu. Alhali kafin wannan rana an riga an gama mafi yawan aikin cikin wani ƙaramin ɗaki, inda ƴan kwamiti ke bin takardar aya bayan aya. Abin da ya kuɓuce masu a can, da wuya babban zaure ya kamo shi. Don haka ya kamata manomin Damana da ma'aikacin Filinge su san yadda wannan aiki yake, tun da gadon kakanninsu ne ake yanke wa hukunci.

Hanyar da doka ke bi

A zamanin Jamhuriya ta bakwai, wato daga 2011 zuwa 2023, shirin doka yana fitowa ta ƙofa biyu: ko daga gwamnati, bayan taron ministoci ya amince da shi, ko daga ƴan majalisa da kansu. Mafi yawa daga gwamnati suke zuwa. In takarda ta iso, sai a miƙa ta ga ɗaya daga cikin kwamitoci bakwai na dindindin. Maganar kayan gado tana faɗawa hannun kwamitin lamurran zaman jama'a da al'adu, shi ne mai alhakin binciken ta tun daga tushe. Waɗansu kwamitoci, kamar na kuɗi, ana iya neman ra'ayinsu kawai.

Kwamiti yakan kira minista da manyan ma'aikatansa su bayyana dalilin dokar, ƴan majalisa su yi masu tambayoyi. Yana kuma da ikon sauraren duk wanda ya ga yana da sani kan batun. Daga nan a karanta ayoyin ɗaya ɗaya, a soke kalma, a ƙara wata, a gyara tsawon hukunci. A ƙarshe mai ba da rahoto ya rubuta abin da aka tsayar, shi ne ake karantawa gaban dukan majalisa kafin ƙuri'a. In doka ta wuce, shugaban ƙasa ya sa mata hannu, a buga ta cikin jaridar hukuma.

Akwai wani shinge da ya kamata a sani. Tsarin mulkin 2010 ya hana ɗan majalisa kawo gyaran da zai ƙara wa baitulmali nauyi ko ya rage masa kuɗin shiga, sai fa in ya nuna inda za a cike giɓin. Ke nan a wancan zamani ɗan majalisa yana iya tsananta hukuncin ɓarawon kayan tarihi cikin sauƙi, amma ba shi iya ƙirƙiro albashin mai gadi ko ɗaya da bakinsa kawai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa dokokin al'adu ke fitowa da hani mai yawa da guzuri kaɗan.

Abin da ya haifi dokar 1997

Dokar ta zo ne cikin gaggawar kashe gobara. A 1975 aka gano maƙabartar Bura cikin ƙasar Tera, yamma da kogin Kwara. A 1983 masanin tarihi Bube Gado, na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, ya jagoranci tono a wurin, aka fito da tukwane da mutum-mutumi na yumɓu, har da na mahayin doki wanda ya yi suna. Waɗansunsu sun haura shekara 1000 cikin ƙasa. A 1993 aka buɗe wani babban baje kolin kayan tarihin kwarin Kwara a birnin Paris, duniya ta ga kayan Bura, dillalai kuma suka gan su. Kafin a ankara, mutanen karkara da talauci ya matsa wa sun shiga haƙa suna sayarwa da arha, kayan suna ƙetare iyaka. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata.

Nijar ta riga ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin kayan tarihi tun 1972, amma yarjejeniya ba ta kama ɓarawo sai ƙasa ta yi tata doka. Dokar 1997 ta tanadi ƙidayar kayan gado da rajistarsu, ta hana tono ba da izini ba, ta wajabta wa wanda ya tsinci abu ya sanar da hukuma, ta kuma hana fitar da kaya waje ba tare da takarda ba. Babu mai musun amfanin waɗannan ayoyi. Sai dai idon masu dokar yana kan abin da ake ɗauka a sa cikin buhu ne, domin shi ne ke ɓacewa a lokacin.

Gadon Kurfai da Tondikandiya

In aka ƙetaro kogi aka nufi arewa maso gabas, cikin wannan jaha ta Tilaberi, sai a tarar da gado iri dabam. A Dallol Boso, inda Zabarmawan Tondikandiya da Kurfayawan Filinge da Buzaye da Fulani suka daɗe suna zama kafaɗa da kafaɗa, akwai tsoffin kufai da rijiyoyi da kaburburan mayaƙa. Amma mafi yawan dukiyar tana bakin mutane: labarin kafuwar garuruwa, jerin sarakuna, kirarin mayaƙa irin su Karanta na Tondikandiya, waƙoƙin daka da na noma, da wasan taubasai da ke kashe husuma tun ba ta kai gaban alƙali ba. Irin wannan gado jandarma ba shi tsare shi, ma'aikacin duwan ba shi kama shi a kan iyaka. Ranar da tsoho ya rasu ba wanda ya ɗauki maganarsa, ranar ya ɓace.

Ƙasar Kurfai tana da darasi na musamman ga duk mai rubuta doka. Wajen 1925 wata mace mai suna Shibo, mutuniyar Shikal, ta fito da sababbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da manyan Turawa, waɗanda aka sani da Hauka ko Babule. Hukumar mulkin mallaka ta ɗauke su masu tayar da fitina, kumandan Yamai Crocicchia ya sa aka kama mabiyanta aka kulle. Bayan shekara 30, Jean Rouch ya ɗauki bikin Hauka a fim a birnin Akara, wurin ƴan ci-rani, masana na ƙasashe da yawa suka shiga nazarinsa. Abin da hukumar jiya ta kira laifi, masanan yau suna lissafa shi cikin tarihin turjiyar talakawa. A cikin jama'a kuwa har yanzu ra'ayi ya rabu, akwai malaman addini da ba su yarda a kira shi gado ba. Wannan ya nuna cewa aya mafi nauyi cikin dokar al'adu ita ce wadda ke faɗin mene ne gado. In kwamiti ya wuce ta da sauri, ya bar wa ma'aikaci ɗaya a ofis ikon zaɓen abin da za a tuna da abin da za a manta.

Duniya ma sai daga baya ta waiwayi wannan fanni, da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan gadon da hannu ba ya taɓawa, wadda Nijar ta shiga a 2007. Ta wannan hanya aka yi rajistar gogen Buzaye, imzad, a 2013, tare da Aljeriya da Mali, sannan wasan taubasai na Nijar a 2014. Dokar 1997 ta girmi wannan yarjejeniya da shekara 6, saboda haka duk ranar da aka zauna sake duba ta, wannan ne giɓin farko da za a cike.

Tambayoyin da kwamiti bai kamata ya tsallake ba

Ta farko: wa aka saurara? Al'ada ita ce a kira minista da masana na Yamai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Dokar 2015-01 ta 13 ga watan Janairu 2015 ta tabbatar da matsayin sarakunan gargajiya cikin tsarin gudanar da ƙasa. Sarkin kanto da mai gari su ne ke fara jin labari in baƙi sun zo da shebur da dare. Ya dace a ji bakinsu, da na maroƙa da tsofaffin mata, kafin a rufe rahoto.

Ta biyu: me manomi zai samu in ya faɗi gaskiya? Mutumin da ya tono tukunya cikin gonarsa yana tsoron abu biyu, a ƙwace gonar ko a tuhume shi. Dillali kuwa yana tsaye da kuɗi a hannu. Ayar da ta ce a sanar da hukuma, ba ta faɗi wa za a gaya wa a ƙauye ba, ba ta kuma kwantar da hankalin mai gona ba, dillali take yi wa aiki.

Ta uku: da wane kuɗi? A nan ne ra'ayin kwamitin kuɗi yake da nauyi. Ƙidayar kayan gado tana bukatar mota da mai da na'urar ɗaukar magana da ma'aikaci mai horo. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, da cibiyar tattara labaran baka ta CELHTO, da aka kafa a 1968, duk a Yamai suke. Tsakaninsu da Filinge kusan kilomita 180 ne, kuma rashin tsaro na shekarun baya-bayan nan ya ƙara wa hanyar tsawo.

Ta huɗu: da wane harshe? Dokar da ke kwance cikin jaridar hukuma da Faransanci kaɗai ba ta isa Fandu ko Shikal. Ya kamata kwamiti ya rubuta cikin dokar kanta cewa wajibi ne a fassara ta da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a karanta ta a rediyon karkara da azuzuwan yaƙi da jahilci.

Inda aka tsaya

Tun juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023 aka rusa majalisar dokoki, hukuma ta koma fitar da dokoki ta hanyar umurni. Ba wannan ne karo na farko ba: daga 1974, lokacin da Seyni Kunce, ɗan Fandu ta Tondikandiya, ya karɓi mulki, ƙasar ta zauna ba majalisa har 1989. A 2025 aka kafa majalisar shawara ta sake gina ƙasa, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na wannan shekara ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ko wane suna aka ba zauren, aikin tace doka aya bayan aya bai sake ba, tambayoyin nan huɗu kuma suna jiran duk wanda aka danƙa wa takardar.

Su kuma mutanen Kurfai da Tondikandiya akwai abin da ke hannunsu tun yau. Waɗanda suka iya rubutu su zauna da tsofaffi su rubuta sunayen kufai da rijiyoyi da labarinsu, su aje kwafi wurin mai gari da magajin gari. Ranar da masu doka suka tambayi abin da ƙasar ta mallaka, sai a miƙa masu takarda a hannu.