Kiɗa Sai da Makaɗi: Abin da Na Gani a Gaban 'Yan Jita

Na san wasu za su yi mamaki su ga ɗalibin Hausa, ɗan Tungan Magajiya ta ƙasar Kwantagora, ya ɗauki alƙalami yana magana a kan kiɗan jita. To, a yi haƙuri a bi ni a sannu, domin a gida maganar tawa za ta ƙare.

Ni dai tun ina sakandare nake sauraren kiɗan nan da Turawa ke kira rok, musamman mai zafinsa. Ga wanda bai sani ba, kiɗa ne da ake yi da jita mai aiki da lantarki, da wata jitar mai kaurin amo, da jerin ganguna, a ƙure ƙara har ƙasa ta riƙa girgiza. A ƙarshen shekarun 1960 ya bunƙasa a Ingila da Amurka. Ƙungiyoyin Led Zeppelin da Deep Purple duk a 1968 aka kafa su a Ingila, AC/DC kuwa a Ostireliya a 1973. A waya kawai nake jin su, abokaina suna yi mini dariya wai kiɗan mahaukata nake saurare. Ban taɓa zaton zan tsaya a gaban masu irin wannan kiɗa ba.

Ana nan, gab da babbar salla ta 2022, sai kawuna mai fataucin dabbobi ya ce in raka shi Jamhuriyar Nijar sayen ragunan layya. Muka bi ta Sakkwato da Illela da Birnin Ƙonni har Tawa. A daren da muka sauka, mai masaukinmu ya ce ana bikin wasu Buzaye a bayan unguwarsu, in muna so mu leƙa. Kawu ya ce shi ya gaji, ni kuwa na bi yaran gidan.

Babu dandamali, babu tikiti. Fili ne aka shimfiɗa tabarmi, ga janareta can gefe yana hayaƙi, ga lasifika biyu da suka sha jiki. Samari uku sun sha rawani, kowa da jitarsa, na huɗu yana zaune a kan ganguna. Suka fara a hankali kamar tafiyar raƙumi. Can sai mai ganga ya ƙara wuta, jagoran ya sunkuya a kan jitarsa, yatsunsa suna gudu, amon yana kuka kamar goge ya haɗu da tsawa. Mata suka rangaɗa guɗa, ƙura ta tashi. Kiɗan da na shekara biyar ina ji da kunne, ranar nan a ƙirji na ji shi. Lallai gani ya kori ji.

Abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, ana tsakar wasa janareta ya mutu. Da a garinmu ne, da biki ya tashi ke nan. Su kuwa ko gezau. Mai ganga ya ci gaba, jama'a suka kama tafi, jagoran ya ci gaba da waƙa da muryarsa har aka tayar da inji. Na biyu, waƙar da Buzanci ake yi, ba na jin ko kalma ɗaya. Amma da wani ya raɗa wa jagoran cewa akwai baƙo ɗan Nijeriya, sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya yi mini barka da zuwa a cikin kiɗan, ya kuma gutsira mini ɗan habaici a kan Nairar da na liƙa masa, wadda ba ta sayen shayi a kasuwar Tawa. Fili ya ɗauki dariya. Wannan ɗan waƙa ba ya cikin faifan kowa. A gabana aka haife shi, a daren kuma ya wuce.

Da na dawo sai na shiga bibiyar masu wannan kiɗa. Ashe ba ƙananan mutane ba ne. Tinariwen, 'yan arewacin Mali, sun ci kyautar Grammy a 2012. Bombino na Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar wannan kyauta, da faifansa Deran na 2018. Wanda ya fi burge ni shi ne Mdou Moctar, bahagon makaɗi wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa da wayar birkin keke, saboda gidansu ba sa son kiɗa. Abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya sani shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon waƙoƙin fiyano na finafinan Hausa da na'urar gyara murya, kuma daga waya zuwa waya ya yaɗu a Sahara. Amma da tafiya ta yi tafiya, jita da ganga da wasa a gaban jama'a ne suka kai shi Turai da Amurka, har ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Wato ya zo gidanmu ya ari na'ura, ya koma ya riƙe hannunsa. Mu kuwa muka rungumi na'urar muka saki hannun.

A nan ra'ayina yake. Abin da na gani a Tawa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Shi ne dai abin da malamanmu ke koya mana a darasin waƙar baka: jagora da 'yan amshi da masu kiɗa da 'yan kallo, kowa na ba waƙar wani abu. Marigayi Dokta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, kalangu na tashi, wanda ya shigo fili ya shiga waƙa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro, har ya rasu a 2015. Barmani Choge da ƙwarya take tayar da mata. Ɗan Anace kuwa a filin dambe waƙarsa take da rai, domin zuga ba ta da amfani in babu ɗan damben da tsikar jikinsa za ta tashi. Duk wanda ya karanta Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya san turke da salo da amshi, amma a ina zai ga yadda jagora ke ƙara ɗa a waƙa saboda wani ya yi kyauta, ko ya saki zambo saboda wani ya yi rowa? Sai a fili.

Yanzu dubi bikinmu. A Tungan Magajiya, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Rijau, ina yaro nakan ga masu kalangu da masu ganga a gidan biki, ga kuma maƙwabtanmu Dukawa da Kambari da nasu kaɗe-kaɗen bayan kaka. Yau mafi yawan bukukuwan da nake zuwa, DJ ake kira ya jona waya da lasifika. Ko mawaƙi aka gayyato, sau da yawa faifansa ake sakawa, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki. A hutun da ya wuce na je gaida wani tsohon makaɗi na unguwarmu. Na ce, "Baba, ina kalangun?" Ya ce, "Ɗana, yana rataye a ɗaki, ɓera na cin rabonsa." 'Ya'yansa babu wanda ya koya, ɗaya acaɓa yake yi, ɗaya ya tafi birni. Ranar da tsohon nan ya kwanta dama, take da kirarin mahautan garinmu da ke kansa sun bi shi ke nan.

Na san akwai masu ja da ni, kuma ba su rasa hujja ba. Wasu za su ce taron kiɗa matattarar ashsha ce. Gaskiya ne ana samun haka, amma DJ bai rage ko ɗaya daga ciki ba. Makaɗin kawai ya kora. Tsari da lokaci da idon manya su ne magani. Wasu za su ce tsaro, kuma duk ɗan ƙasar Kwantagora ya san yadda 'yan bindiga suka sa taron dare ya zama abin tsoro. To, sai a yi da la'asar. Wasu kuma za su ce kuɗi, domin ɗaukar mutum biyar ya fi ɗaukar mutum ɗaya da waya tsada. Wannan ma haka ne. Sai dai in har muna iya kashe kuɗi a kan anko da ado, kuɗin mai kalangu ba zai gagare mu ba. Ban kuma ce a jefar da waƙoƙin zamani ba. Ni ma ina jin su. Cewa na yi, mai waƙa ya iya tsayawa a gaban mutane ko da wuta ta ɗauke.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa. Idan za mu yi Makon Hausa, ko Ranar Hausa ta Duniya a 26 ga Agusta, mu gayyato makaɗa na gaske, mu biya su haƙƙinsu da mutunci. Idan mun tafi hutu, kowa ya nemi makaɗin garinsu, ya zauna da shi, ya ɗauki wasansa da izininsa, ya rubuta sunayen kayan kiɗansa da take da kirarin da ya sani. Masu neman batun kundin digiri, ga shi nan a ƙofar gidanku. Masu sha'awar kiɗan zamani kuma, ku koyi kaɗa wani abu da hannu, ko gurmi ne ko kukuma ko jita.

Ni sai da na ƙetare iyaka na tsaya a gaban Buzaye kafin na san darajar kalangun da ke rataye a unguwarmu. Ina fata ku ba sai kun yi wannan doguwar tafiya ba. Allah ya sa mu dace, amin.