Daga Bakin Murhu: Firit da lissafin mai

Duk wadda ta shiga kasuwar Gazawa ko ta Cadawa ko ta Tibiri cikin ƴan kwanakin nan ta ga dankalin turawa, wanda wasunmu ke ce wa kwambitar, an kasa shi tsibi-tsibi a gefen masu shu da karoti. Daga Janairu zuwa Maris ne yake sauka har talaka ya taɓa. Wani daga garake na kusa yake fitowa, wani daga Dogon Dutsi ko Bankuku, wani kuma motoci ne ke kawo shi daga duwatsun Agadas, wajen su Tabelot. Akwai da na Jos mai shigowa ta Jibiya. A ƴan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa kusa da lokacin arharsa, shi ya sa kusan kowane gida yara ke roƙon a yi musu firit da ƙwai da shan ruwa.

Abin da ya sa munka ɗauko zancen yau shi ne labarin wata ƴar ƙungiya a gefen Gazawa. Ita ta ce mu faɗa, amma ban da sunanta. Bara ta je Maraɗi suna, ta ga yadda ake layi wajen mai firit a bakin titi, ta dawo ta nemi rancen jika goma a asusu don ta riƙa soyawa a ƙofar lakkwal. Anka ba ta, don mace ce da ba ta taɓa fashin zubi ba. Ciniki kam ta yi, kullum kasko sai ya ƙare ko ya kusa. Amma da ranar biya ta zo, uwar kuɗin ma ba ta cika ba, balle ribar asusu. Sai da ta sai da zabinta biyu ta cike. Da munka zauna da ita ta ce: “Wallahi ni ban san ina kuɗɗin nan sunka shiga ba. Ban ci ba, ban ba kowa ba.” Munka ce mun yarda. Kasko ne ya ci.

Ga yadda abin yake. Dankalin turawa in an raba shi kashi 5, wajen kashi 4 ruwa ne. Kin fere, kin zubar da ɓawo, in wuƙarki mai kauri ce kin haɗa da tsoka. Kin jefa a mai, ruwan ya fita da tururi. Kilo ɗaya ɗanye, in ya soyu, da ƙyar ya wuce rabin kilo. A ce kin sayi kilo dala ɗari. Ke nan kilon soyayye ya tsaya miki jika ɗaya tun ba a zo zancen mai da icce da gishiri da yaji da leda ba. Ita ƴar uwar tamu da ido take kasawa, kuma idon nata yana tuna tsibin ɗanye ne. Ga shi abin da bai ƙare ba yau ba ya saiduwa gobe, don firit in ya kwana ya zama tsumma. Sai yaran gida su cinye.

Babbar ɓarakar dai mai ce. Ta saba da ƙosai, tana cika kasko fal don ta gama da wuri. Da ta zuba ɗanyen dankali mai yawa, jiƙe da ruwa, sai man ya huce. Man da ya huce ba ya soya dankali, shiga cikinsa yake yi. Firit ya fito laɓe-laɓe yana nason mai, buteli kuma yana ta sauka.

To mu gyara, ko don sana'a ko don gida. Ki yanka shi daidai wa daida, kaurin ƙaramin yatsanki, don kada wani ya ƙone wani yana ɗanye. Ki wanke sau biyu ko uku har farin ruwan nan ya daina fita, don shi ke sa su manne wa juna. Sannan ki baza a kan tsumma mai tsabta ki tsane shi sarai. Wannan tsanewa ita ce yawancinmu ke tsallakewa, kuma ita ce ke hana mai tartsatsi ya ƙona hannu ko fuskar ɗan da ke goye. Masu wannan abinci na asali, mutanen Faransa da na Beljiyam (har yau suna gardamar wa ya fara), sau biyu suke soyawa. Na farko da wuta matsakaiciya, minti 5 ko 6, har cikin ya yi laushi amma bai yi ja ba. A kwashe da matsami a bar shi ya sha iska. Na biyu a ƙara wuta, minti 2 ko 3, sai ya yi ruwan zuma mai haske ya yi ƙarau. Ga mai sana'a wannan dabara ce babba: ki yi suyar farko a gida da safe, ta biyu kuwa sai mai saye ya tsaya, kaɗan-kaɗan. Yana ci da zafi, ke kuma ba ki soya abin da ba a saya ba.

Mu dai a gida mun fi son wata hanyar mai ragin mai. A tafasa yankakken dankalin cikin ruwan gishiri minti 4 ko 5, a tsame tun bai farfashe ba, a bar shi ya bushe, sannan a soya sau ɗaya a mai mai zafi. Kafin ki zuba, jefa ƙwara ɗaya. In ta taso nan take da kumfa a jikinta, mai ya yi. In ta nutse ta yi shiru, dakata. Kada ki wuce rabin kasko. Gishiri da yaji sai bayan kin kwashe, ba a bisa kasko ba, don gishiri yana saurin lalata mai.

Mu da ke matsar man gyaɗa da hannunmu muna da sa'a, don man gyaɗa yana jure wuta, kuma da shi firit ya fi ƙamshi. Sai dai akwai tarko. Mace takan ce ai man nawa ne, ba saye na yi ba, sai ta cire shi daga lissafi. Litar da kika zuba a kasko lita ce da ba ki kai kasuwa ba, a sa mata kuɗinta. Ki ɗaura zare a jikin buteli daidai inda mai ya tsaya kafin suya, in kin gama ya huce ki tace da ƙyalle ki mai da, ki ga nawa ya tafi. Kwana 3 kacal in kika yi haka za ki san ko sana'ar tana ba ki ne ko ke ce ke ba ta. Man kuma in ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Kada a yi ta ƙara sabo bisa tsoho har sati ya zagayo, ƴaƴan mutane ne ke ci. Masu haɗa sabulu su karɓa.

Wani abin da muke so a gane shi ne, firit ba shi kaɗai ba ne dafuwar Faransawa, kuma a gidajensu ba shi ne na kullum ba. Shi kansa dankalin da muke jingina wa turawa ba nasu ba ne. Daga duwatsun Kudancin Amurka, wajen ƙasar Peru, Sifaniyawa sunka kai shi Turai. Mutanen Faransa sun daɗe suna ƙyamarsa, suna cewa abincin aladu ne kuma yana sa kuturta, har anka hana nomansa a 1748. Wani mai haɗa magani, Parmentier, wanda ya rayu da shi lokacin da yake fursunan yaƙi a hannun Jamusawa, shi ya dage har likitocin birnin Paris sunka amince a 1772 cewa abinci ne. Abin da ya kai shi ga dagewa kuwa yunwa ce, don alkama takan ƙi mutane su rasa burodi. Ashe abincin maganin yunwa ne kafin ya zama na gayu. Mun faɗi wannan ne don wadda ke jin in ba ta ninƙaya shi cikin mai ba kamar ba ta yi dafuwar birni ba.

Ga sote, wanda cokali 3 ko 4 na mai ya ishe shi. Ki wanke dankali ki dafa da ɓawonsa. In ya huce ɓawon da hannu yake saluɓewa, siriri, ba asarar tsoka. Ki yanka fala-fala, ki soya albasa mai yawa har ta yi laushi ta yi zaƙi, ki zuba dankalin da tafarnuwa da masoro, ki bar gefe ɗaya ya yi ja kafin ki juya. Haka mutanen birnin Liyon ke yin nasu, da albasa, kuma ba su fi mu albasa ba tunda muna da ta Galmi. A fasa ƙwai 2 a kai, an yi abincin shan ruwa.

Ragu kuwa yawancinmu mun san shi a gidan biki, sunan ma na Faransanci ne. Shi ne ya fi auki in gida da yawa. A soya nama kaɗan da albasa da tumatir, a tsai da ruwa, in nama ya kusa nuna a zuba dankali manya-manya da karoti. Ki murƙushe guda 2 ko 3 a jikin tukunya, romon zai yi kauri ba sai kin sa gari ba. Da burodi ko da shinkafa, kilo ɗaya da in firit ne yara 3 za su share kafin a yi sallar magariba, a ragu sai ya zaga gida duka.

Sai wanda suke ce wa pire, wato dankalin da aka dafa aka dame. Nan za mu ɗan tsaya, don mun ga ana ɓata shi. Kada ki kai shi turmi. In aka kirɓa dankalin turawa yakan yi danƙo kamar ƙaro, ya ƙi haɗiyuwa. Da zafinsa za ki murƙushe da muciya ko bayan ludayi, ki zuba madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan, ki sa man shanu. In madarar shanu ce a tafasa ta tukuna. Ta gari ma tana yi, nono mai tsami ne ba ya yi. Tsofaffin da haƙori ya ƙare musu suna son shi, haka mara lafiya. Yaron da ya cika wata 6 ma ana ba shi tare da nonon uwa, amma a sani dankali kaɗai ba ya gina yaro. A murƙushe mishi dafaffen ƙwai a ciki, ko garin kifi, ko garin zogale, ko ɗan tunkuza. Kuma a dama daidai ci, don abin da madara ta shiga ba ya jure zafin garinmu.

Akwai wani da suke gasawa cikin madara da tafarnuwa, gratan. Mun gwada shi ba tare da gidan gashi ba: dankali sirara-sirara ba a wanke ba bayan yanka, a jera a tukunya, madara ta sha kansa, garwashi kaɗan a ƙasa, garwashi a bisa marfi, wajen awa ɗaya. Ya yi daɗi, amma madarar da ya sha ta sa mun bar shi sai ranar da maigida ya yi baƙi.

Wajen saye a kula da kore. Dankalin da rana ta daka har fatarsa ta yi kore, ko wanda ya yi tsiro, yana da wani dafi a wurin, kuma dafuwa ko suya ba ta kashe shi. Yana sa amai da zawo da ciwon ciki, yara ne kuma ya fi kayarwa. In koren kaɗan ne a fere da kauri a ƙwaƙule idon tsiron. In ya yi yawa, ko an ɗanɗana an ji ɗaci, a zubar. Mai kaya zai rage miki kuɗi a kan irin wannan tsibin, kada ki karɓa. A gida a fid da shi daga leda, a baza bisa busasshen rairayi a ɗaki mai duhu da iska, a riƙa duba shi ana cire wanda ya fara ruɓa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da wata ƙungiya a Gidan Rumji ta aiko: ko su sayi buhunan dankali da kuɗin asusu yanzu da arha, su ajiye sai ya yi tsada, kamar yadda suke yi da wake da aya? Shawararmu a'a. Wake da aya busassun kaya ne, suna jira. Dankali ruwa ne, da zafin Afrilu ya shigo sai ya yamutse, ya tsira, ya ruɓe, buhu ya koma rabi. Tun 1991 da anka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi, kuɗin akwati na kowa da kowa ne, har da na wadda ke zuba dala ashirin da ƙyar. In ana son a ci arhar, a haɗa kuɗi a sayi buhu ɗaya a rabe a ranar taro, kowace ta tafi da na sati ɗaya ko biyu.

Ita ƴar uwar tamu ta Gazawa bana ta sake neman rance, jika biyar. Kilo 2 take saye a rana, tana tafasawa kafin suya, ta samo ƙaramin gwangwanin tumatir ta mai da shi ma'auni, kuma ranar da ba lakkwal ragu take yi ta kai tasha. Zaren yana nan ɗaure a butelinta. Ta ce in an fasa asusu za ta faɗa mana ko zabin sun dawo.

Wadda ta taɓa ajiye dankali ya kai mata Afrilu lafiya, ta ba sakatariyar ƙungiyarta bayanin yadda ta yi, mu buga a fitowa ta gaba.