Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

'Yan uwa malamai da iyalanmu, akwai wata ɗabi'a da ta zauna daram a unguwannin Wudil, sunanta kuwa sakaci. Mai gida zai ja ruwan famfo, maimakon ya haƙa rami ya binne bututun, sai ya bi da shi ta cikin kwata don tsimin kuɗin haƙa. Idan bututun ya tsage, a yanko robar tayar keke a ɗaure, a ce an gyara. Mu da muke kiran sunayen yara kowace safiya mun san abin da wannan araha take haifarwa, domin a rajistar aji ake fara ganinsa.

Masu kare ɗabi'ar suna cewa ai ruwa fita yake yi ta tsagar, ta ina ƙazanta za ta shiga? Maganarsu tana nan muddin ruwan yana gudu da ƙarfi. To amma ruwan famfo a garuruwanmu zuwa yake yi ya ɗauke. Da zarar ya ɗauke, ƙarfin da ke cikin bututu ya faɗi, sai tsagar ta koma tana tsotsar abin da ke kewaye da ita, wato ruwan wanki da fitsari da bahayar da ruwan sama ya kwaso. Ranar da aka kawo ruwa, wannan haɗin ne yake fara sauka a bokitin uwar gida.

Haka nan batun masai da rijiya. Shawarar masana lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bahaya da wurin ɗibar ruwan sha. Gidaje nawa ne aka haƙa sokawe a wannan kusurwa, rijiya ko burtsatse a waccan, taku goma tsakaninsu? A unguwannin da ke dab da Kogin Wudil ruwan ƙasa ba shi da nisa, musamman da damina, saboda haka abin da ya tsatso daga fasasshen rami ba ya daɗewa kafin ya isa guga.

A shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi diddigin mamatan, ya tarar yawancinsu daga famfo guda suke sha a titin Broad, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano tsohon ramin bahaya yana yoyo dab da rijiyar. A nan gida, a 2021, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da cutar, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kano kuma tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Zazzaɓin taifot ma ta wannan ƙofa yake shigowa.

Wani zai ce babu kuɗi. Mun fi kowa sanin yadda albashi ke ƙarewa kafin wata. Sai dai a yi lissafi, tun da lissafi muke koyarwa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a kwana guda, fiye da jarka guda ta 'yan ga-ruwa. Ruwan nan kuwa ko ya kwanta ya tara sauro, ko ya jiƙa gindin katangar ƙasa har damina ta ƙarasa ta. 'Yar robar da za a sauya a kan famfon ba ta kai kuɗin ledar ƙarin ruwa guda a asibiti ba.

Saboda haka muna kira ga masu gidajen haya, inda da yawanmu ke zaune, su fitar da bututu daga kwata, su kira ƙwararren mai gyaran famfo ya sauya abin da ya fashe. Wanda ya iya karɓar haya a kan lokaci ya iya gyara a kan lokaci. Muna kira ga ƙaramar hukuma ta maido wa duba-gari ƙarfinsu, kada a haƙa masai ko rijiya sai sun auna tazara. Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ta ƙi jona wa duk wanda bututunsa ke kwance cikin lambatu. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su leƙa tankuna da bandakunan makarantunmu a farkon kowane zango.

Kafin nan, a kowane gida a bar ruwan farko ya zuba har ya washe, a tafasa na sha, a rufe tanki da randa, a riƙa wanke su. Yaron da ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. Darasin tsafta da muke rubutawa a allo ba zai tsare yaro ba idan ruwan da zai sha a gida ta kwata ya biyo.