Ka Sayi Talabijin, Amma Wa Take Yi Wa Aiki?

Wannan makon da talabijin mai intanet nake, wadda 'yan kasuwa ke kira "simat", har ta zama dole a kayan ɗakin amarya. Ni dai na ce sunan ya fi ta.

A shago kamar walƙiya take. Bayan shekara biyu sai ta fara jan ƙafa: ka danna rimot, ta yi tunani, sannan ta amsa. Dalili kuwa a fili yake. Kamfani kan zuba kuɗi a gilashi, domin shi ido ke gani, ya tsuke hannu a ƙwaƙwalwar da ke ciki. Manhajoji suna ƙara nauyi kullum, ita kuwa tana nan yadda aka ƙera ta. Wata rana sai a sallame ta. A ƙarshen 2019 Netflix ta daina aiki a wasu tsofaffin talabijin na Samsung, alhali gilashinsu lafiya lau.

Wannan ma mai sauƙi ne. Kana kallonta, ita ma tana kallonka. Akwai fasahar da ke gane abin da ke kan allo ta aika wa kamfani, shi kuma ya sayar wa masu talla. A 2017 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. A 2024 Walmart ya saye kamfanin kan kusan dala biliyan 2.3, kuma harkar tallan ce ta ja shi. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ka biya kuɗin kaya, sannan kai ma an mai da kai kaya.

Kuma da datarka ake wannan aika-aika, a ƙasar da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Wani zai ce, "To ai a ciki muke kallon Labarina a YouTube." Gaskiya ne, ban ce a daina kallo ba. Cewa na yi a raba gilashi da ƙwaƙwalwa. Kada ka haɗa talabijin ɗin da intanet, ka bar ta a matsayin allo kawai. Ka jona mata ƙaramar na'ura irin Fire TV Stick ta kafar HDMI. Ranar da ta tsufa, ita kaɗai za ka canza. Na'urar ma tana da nata tallan, amma cire ta ba ya buƙatar shawara. In kana da tsohuwar kwamfuta, waya ɗaya ta ishe ka, ka sa VLC ko Kodi, kyauta ne. Filashi ma bai mutu ba: ka sauke fim sau ɗaya, gida ya kalla sau goma.

Sai dai a kiyayi akwatunan Android marasa suna da ake sayarwa da araha. A 2025 FBI ta yi gargaɗin cewa wasu na zuwa da muguwar manhaja tun kafin a buɗe kwali. Kada a gudu daga kura a faɗa wa zaki.

Iyaye masu haɗa kayan ɗaki, ku tambayi kyan hoto da yawan kafofin HDMI, ku ƙyale kirarin "simat". Wanda kuma yake ganin na zalunce ta, ga fili nan, ya faɗa mana shekarun tasa.