Baƙo na da rabin yini a Dutse, wa zai kai shi ya ga duwatsun?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata magana da ta ƙi ƙarewa a bakin jami'anmu. Duk lokacin da aka taso da zancen yawon buɗe ido, musamman idan ranar 27 ga Satumba ta zagayo, wadda duniya ta keɓe domin haka, sai a jero mana arzikin da Allah Ya hore wa Jigawa: duwatsun Dutse, zane-zanen kogunan Birnin Kudu, tsuntsayen Baturiya, hawan salla a masarautu biyar. Daga nan a yi kira ga masu zuba jari su zo su gina otal-otal, a tafa, a watse. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a duk wannan lissafi ba a taɓa faɗin abu ɗaya ba, wato yadda baƙon da ake gayyata zai tashi daga masaukinsa ya isa waɗannan wurare ya dawo. Babu motar da za ta kai shi, ranka ya daɗe, kuma ba na jin masu jawabin sun taɓa tambayar kansu wannan.

Baƙon nan ba sai an je Turai nemo shi ba, yana cikin gari kullum. Tun da aka ƙirƙiro jihar a ranar 27 ga Agusta, 1991 aka mai da Dutse hedikwata, mutane ke shigowa aiki a sakatariya da kotuna da wuraren taro. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jawo malamai da iyaye masu rako ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan. Filin jirgin sama ya fara aiki a 2014. Ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Fanisau, wanda ke cika da matasa 'yan Kudu da ba su taɓa ganin dabino a kan bishiyarsa ba. Ƙara da 'yan ɗaurin aure da masu zuwa gaisuwa fada. Yawancinsu hidimarsu kan ƙare kafin azahar, tafiya kuma sai gobe da safe. Sa'a biyar ko shida ke nan a hannun mutum, da ɗan kuɗi a aljihu, ga duwatsu sun kewaye shi yana hange ta taga. Sai ya ƙare yinin a ɗaki yana latsa waya, ya koma garinsu ya ce Dutse babu abin gani.

Kada a ga laifinsa. A ce ya yi niyyar fita, ina zai dosa? Idan ya je tasha, tsarin tasha na lodi ne: a zauna sai Sharon ko Golf ta cika, ta sauke kowa a tashar garin da za ta, shi ke nan. Idan ya ce shata yake so, nan take ɗan kamasho zai dube shi daga hula zuwa takalmi ya yanka masa kuɗi daidai da shigarsa, kuma idan Hausarsa ba ta nuna ba kuɗin ya ƙaru. Ba rubutaccen farashi, ba rasit, ba yarjejeniyar sa'a nawa za a jira shi. Direban da ya samu zai iya kai shi Birnin Kudu ido rufe, amma a ce masa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, inda zane-zanen suke, sai ya tsaya bakin hanya yana tambayar masu shayi. Ɗan adaidaita sahu kuwa iyakarsa cikin gari. Saboda haka wanda ke ganin waɗannan wurare shi ne mai motar kansa, ko wanda ke da aboki ɗan gari da zai bar aikinsa ya raka shi. Sauran duk babu motar da za ta kai su.

A wasu ƙasashe wannan ɗan lokaci na baƙo shi ne abincin dubban gidaje. Manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa kan tsaya a tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal da safe su tashi da yamma. Kafin fasinja ya gama saukowa, ga motocin haya, wasu da direba wasu ya tuƙa da kansa, ya hau har ƙololuwar dutsen Arieiro mai tsayin mita 1,818, ya ci abinci a hanya, ya dawo kafin jirgi ya ɗaga. Duk cinikin a kan abu biyu yake: ya san nawa zai biya, ya san ƙarfe nawa zai dawo. To amma me ya kai mu Fotugal? Duk alhajin da ya sauka Madina ya san motocin ziyara. A ƙofar masauki suke tsayawa suna kira, a ɗauki mutum zuwa Dutsen Uhudu, da Masallacin Ƙuba, da Ƙiblataini, a biya da shi kasuwar dabino, a dawo da shi ya sami jam'i a Harami. A Makka ma haka ake kai mutane su ga Jabalun Nur da Arfa. Direban ya san hanya, ya san minti nawa za a tsaya a kowane wuri, wani ma ya koyi 'yar Hausar da zai yi ciniki da ita. Alhazan Jigawa na biyan wannan kuɗi kowace shekara da daɗin rai, cikinsu har da masu yi mana jawabin nan. Sun ga tsarin da idonsu, sun shiga motar, sun dawo gida ba su ga abin koyi a ciki ba.

Wani zai ce ai Uhudu daban, mu me muke da shi da ya kai a ɗauki shata? Ba wanda ke haɗa darajar wuraren ibada da wani wuri, tsarin motar nake magana. Abin gani kuwa akwai shi. A fara da Garu, tsohon gari da ke cikin duwatsu, inda tsohuwar fada take, a ga yadda magabata suka zaɓi wurin da dutse zai zame musu ganuwa. A bi ta gonakin dabino, wanda saboda shi ne cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta kafa reshenta na dabino a nan Dutse. Sannan a miƙi hanyar Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. A can, cikin kogunan Habude da Mesa da Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu suka yi a jikin dutse, wasunsu shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a ƙasar Hausa yanzu. Akwai kuma duwatsun da idan an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, kuma rubutun da ya yi a kan na Birnin Kudu ne ya jawo hankalin masana ga irin waɗannan duwatsu masu amo a sauran sassan Afirka. Waɗannan wurare na Birnin Kudu suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa, hukumar gidajen tarihi ta tarayya ma tana da ofis a garin saboda su. Abin kunya, ɗalibin ilimin tarihi a Landan zai iya sanin Dutsen Mesa, yaron da ya tashi a unguwar Yalwawa ta Dutse bai taɓa jin sunansa ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce a fara gyara wuraren tukuna, a yi katanga da rumfuna da masauki, baƙi za su zo da kansu. Wannan ita ce hanyar da ke da kwangila a ciki, shi ya sa take da farin jini. Amma an sha gina irin waɗannan wurare a Arewa, aka yanke ƙyalle, bayan damina biyu awaki suka gaje su, domin ba a yi tunanin ƙafar da za ta kawo mutane ba. Idan mota na sauke mutum goma a Habude kowace Asabar, mai ruwan sanyi zai zo da kansa, mai tsire zai kafa tukuba, wani dattijon unguwa zai zama mai ba da labari, kuma a lokacin ne za a san inda ya kamata a sa rumfa da makewayi. Kasuwar Shuwarin ba don an gina rumfuna ta cika ba, tana kan hanyar da motoci ke bi ne.

Akwai masu cewa tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, shata ta fi ƙarfin mutane. Gaskiya ne mai ya yi tsada, kuma ba zan ce kowa zai iya ba. Sai dai tsadar ce ma ta sa rubutaccen farashi ya zama dole. Mutum huɗu da suka zo taro ɗaya za su iya haɗa kuɗin mota idan sun san adadin tun daga masauki. Abin da ke korarsu shi ne fargabar a yi ciniki a tasha, a je tsakiyar hanya direba ya ce mai bai isa ba sai an ƙara. Shi ma direban yana da riba, domin yini guda na shata ya fi masa zaman jiran layi daga safe zuwa la'asar. Ban kuma ce a kwaikwayi Turawa a miƙa wa baƙo makulli ya tuƙa da kansa ba. Wannan na buƙatar inshora mai aiki da alamomin hanya da ba mu da su, kuma ba mai motar da zai yarda. Mota da direbanta, shi ne abin da ya dace da mu, shi ne kuma abin da muka riga muka iya.

Maganar tsaro ita ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Agadas ta ishe mu misali. Shekaru da dama direbobin garin na cin abinci da kai baƙi duwatsun Azbin, har tawayen 2007 ya tsayar da harkar, motocin suka koma wasu sana'o'in. To amma Jigawa na cikin jihohin Arewa da Allah Ya rufa wa asiri da zaman lafiya, shugabanninmu kuma ba sa gajiya da faɗin haka a gaban baƙi. Idan har gaskiya ne, me ya hana a ci moriyarsa? Motar da aka yi wa rajista, aka san direbanta da lambarta da lokacin fitarta da na dawowarta, ta fi tsaro nesa ba kusa ba a kan baƙo ya tare wadda bai sani ba a bakin titi, wanda shi ne abin da ake yi yanzu.

Na san kuma akwai masu ganin duk wannan wasa ne, ana fama da abin da za a ci wa ke ta kallon dutse. Su nake so su dubi matasan da ke zaune a gindin bishiya a Yalwawa da Takur da sauran unguwanni, da yawansu da takardar digiri ko difloma, wasu sun iya tuƙi, sun iya Turanci, ba abin yi sai jiran lokacin siyasa a ba su riga da hula. Su ma da nasu laifin, don da yawa sun fi son a ce ana neman aikin ofis shekara biyar da a gan su suna buɗe wa baƙo ƙofar mota. Amma wa ya nuna musu akwai abinci a nan? A halin yanzu hanya ɗaya da muka sani ta cin kuɗin dutse ita ce a fasa shi a loda wa tifa. Wanda aka fasa ya tafi ke nan, garin da ya ci sunan dutse yana sayar da sunansa tifa-tifa, kuma ban ji mai jawabi ko ɗaya ya haɗa wannan da zancen buɗe idon da yake yi ba.

Abin da nake nema bai kai kuɗin bikin buɗe otal ɗaya ba. Ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido ta zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Dutse, a ware motoci ko goma ne masu lafiya, a yi musu lamba. A tsara zagaye biyu ko uku: na cikin gari da Garu, na Birnin Kudu na rabin yini, na Baturiya na yini guda a lokacin sanyi da tsuntsaye ke sauka. A rubuta kuɗin kowanne da sa'o'insa a allo, a kafa a filin jirgi da manyan masaukai da ƙofar jami'a, a riƙa sabunta shi idan kuɗin mai ya motsa. Ma'aikatan gidan tarihi na Birnin Kudu su ba direbobin horo na mako guda, su san sunan kowane kogo da abin da ke cikinsa da abin da ba a taɓawa. Ƙaramar hukuma kuma ta kafa alluna a mararraba masu nuna hanyar Habude da Mesa da Murufu, da Hausa da Turanci, ta zuba burji inda damina ta cinye.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Yalwawa, Dutse, Jihar Jigawa.